Keken Titi, Keken Tirayatlon ko Keken Agogo: Wanne Sabon Mahayi Zai Saya a Kaduna?

A bakin dillalan gwanjo na Kaduna, duk keken da ke da siririyar taya sunansa ɗaya: keken tsere. Haka suke rubutawa a ƙarƙashin hotunan da suke turawa a WhatsApp, haka za su gaya maka in ka je ganin kaya ido da ido. Alhali iri uku ne ke shigowa a haɗe: keken titi, keken tirayatlon (gasar ninƙaya, keke da gudu a jere), da keken tseren agogo wanda masu abin ke ce wa TT. Na biyu da na uku sun fi ɗaukar ido. Firam mai faɗi, wili mai kauri, ga wasu sanduna biyu sun miƙe gaba. A kansu ne kuma sabon mahayi ya fi saurin yin da-na-sani.

Ra'ayina a fili yake tun daga nan: in yanzu za ka fara, keken titi za ka saya. Sauran biyun an ƙera su ne don gasa takamaimai, kuma gudun da ke cikinsu ba ya fitowa sai jikinka ya koyi irin zaman da suke buƙata. Amma kuɗinka ne, gara ka san dalili da kanka.

Mataki na 1: San gasar da aka ƙera kowanne dominta

Tseren titi shi ne wanda ake gani a Tour de France ko Tour du Rwanda: mahaya masu yawa sun tashi lokaci guda, kafaɗa na gogar kafaɗa, ga hawa ga gangara ga kwana. Wanda ya laɓe bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, domin na gaba ya tare masa iska. Saboda haka keken titi dole ya zama mai saurin jin umarni, mara nauyi a hawa, birki kuma kusa da yatsu ko da yaushe. Da irinsa Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, a Tour de France na 2024.

Tseren agogo kuwa kai kaɗai ne. Ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu, a hanyar da aka rufe wa motoci, wanda ya isa cikin mafi ƙarancin lokaci shi ya ci. Ba wanda za ka laɓe bayansa, kuma yawanci ba ya wuce awa ɗaya. Mahayi zai iya daurewa da zama mai takura tunda ya san ba jimawa zai yi ba.

Tirayatlon gasa uku ce a jere ba hutu: ninƙaya, keke, sannan gudu da ƙafa. Ta Olamfik, wadda ta shiga wasannin a Sidni a 2000, ninƙayar kilomita 1.5 ce, keken kilomita 40, gudun kilomita 10. Doguwar kuwa, wato Ironman da aka fara a Hawayi a 1978, ninƙayar kilomita 3.8, keken kilomita 180, gudun kilomita 42.2. A doguwar gasar an hana laɓewa bayan wani. Ke nan mahayi zai yi awa biyar ko shida yana fama da iska shi kaɗai, yana ci yana sha a kan keke, sannan ya sauka ya yi gudun famfalaki da ƙafafun da suka gama tuƙi. Duk abin da ya bambanta keken tirayatlon da na agogo daga nan ya samo asali.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a tirayatlon ta Olamfik an yarda a tafi a dunƙule, don haka keken titi suke hawa. Ko a cikin tirayatlon ɗin ma ba kowace gasa ce ke neman keken tirayatlon ba.

Mataki na 2: Koyi gane su da ido

Fara da kan keken. Na titi yana lanƙwasowa ƙasa ya dawo baya, kuma yana ba ka wurin riƙo uku: saman sanda lokacin da kake hutawa ko hawan tudu, kan maƙallan birki inda hannu ya fi zama, da can ƙasa lokacin gudu ko gangara. Birki da canjin giya duk a maƙalli ɗaya suke. Na agogo da na tirayatlon kansu hawa biyu ne. Akwai sandar ƙasa mai ƙaho biyu, a nan birki yake. Akwai kuma sandunan kwanciya guda biyu a tsakiya, da ɗan matashi inda ake ɗora gwiwar hannu, a bakinsu ne ake canja giya. Riƙe wannan a ranka: birki wuri daban, giya wuri daban.

Sai ka tsaya gefe ka dubi bututun da ke ɗauke da sirdi. A keken titi ya ɗan kishingiɗa baya, kusan digiri 73 ko 74. A na tirayatlon ya fi miƙewa tsaye, daga 76 har 80. Bambancin kamar ba komai ba ne a ido, amma yana tura sirdi gaba da 'yan santimita, ya kai ƙugunka kusan saman feda. Amfaninsa shi ne in ka kwanta a kan sanduna, cinya ba za ta riƙa dannar ciki ba, numfashi ya samu hanya.

Tsakanin na agogo da na tirayatlon fa? Doka ce ta raba su. Keken agogo yana ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI. Dokarta ta ce bakin sirdi ya tsaya aƙalla santimita 5 bayan layin cibiyar feda, sai in an yi wa mahayi rangwame saboda ƙirar jikinsa. Ta iyakance tsawon sandunan kwanciya, ta tsara siffar firam, ta kuma hana keke ya gaza kilo 6.8. Doguwar tirayatlon ba ruwanta da waɗannan. Shi ya sa za ka ga keken tirayatlon da akwatin abinci bayan kai, da tankin ruwa mai ɗan bututun zuƙa tsakanin hannaye, da wani akwatin kayan faci bayan sirdi, wasu ma an cire musu bututun sirdin gaba ɗaya. In ka ga akwatuna, na tirayatlon ne. In ka ga keke fayau, kai ya yi ƙasa sosai, na agogo ne. Kamfanoni da yawa, musamman a tsofaffin samfura, firam ɗaya suke yi wa gasar biyu, a matsar da sirdi gaba ko baya.

Mataki na 3: Fahimci inda gudun yake fitowa

A hanya shimfiɗaɗɗiya, da zarar ka haura kilomita 25 zuwa 30 a awa, mafi yawan ƙarfinka a tura iska yake ƙarewa. Kuma iska ba ta ƙaruwa daidai wa daida. In ka ninka gudu, daga 15 zuwa 30, turjiyarta ta ninka huɗu, ƙarfin da za ka kashe a kanta ya ninka takwas. Daga cikin wannan turjiyar, kusan kashi uku cikin huɗu jikinka ne ke jawo ta, keken ɗan abin da ya rage ne nasa. Wanda ya taɓa fuskantar Zariya da safiyar hunturu, iska na bugowa daga arewa maso gabas, ya san wannan ba sai an karanta masa ba: da ka sunkuyar da ƙirji sai feda ta yi sauƙi.

Aikin sandunan kwanciya ke nan, su matse kafaɗu, su kwantar da baya, su rage faɗin da iska ke samu. 'Yan tirayatlon ne suka fara yayinsu. Duniyar tseren keke ba ta ɗauke su da muhimmanci ba sai ranar ƙarshe ta Tour de France na 1989. Greg LeMond na Amurka ya shiga tseren agogo na kilomita 24.5 zuwa cikin Faris yana bayan Laurent Fignon na Faransa da daƙiƙa 50. LeMond ya ɗaura sandunan, Fignon bai ɗaura ba. LeMond ya fi shi da daƙiƙa 58 a ranar, ya ci gasar mako uku da ratar daƙiƙa 8.

Abin lura gare ka shi ne gudun da LeMond ya yi ya haura kilomita 54 a awa. Sabon mahayi yawanci tsakanin 20 da 25 yake, kuma a wannan gudun ribar ba ta kai haka ba. Ga shi ribar tana zuwa ne kawai muddin kana kwance. In bayan minti goma wuya ya ƙage, kafaɗu suka yi tsami, ka tashi ka riƙe ƙahon ƙasa, to ka koma kan keke mai nauyi fiye da na titi, mai wuyar sarrafawa, kuma ba ka fi kowa kauce wa iska ba. Dokin sukuwa ne, ba shi ake hawa zuwa kasuwa ba.

Mataki na 4: Auna keken da hanyar da za ka bi

Nan ne maganar take, kuma nan zan daɗe.

Ɗauki hanyar da kowa ya sani, daga Kawo ta Ali Akilu zuwa Ahmadu Bello Way. Ƙirga abin da zai sa ka taɓa birki: mai Keke Napep da ya hango fasinja ya yanko gabanka ba sigina, ɗan makaranta da ya tsallaka a guje, ƙofar mota da aka buɗe, shataletale, yashin da ruwan damina ya taro a gefen kwalta, ramin da jiya babu shi. A keken titi yatsunka biyu na kan birki tun kafin abin ya faru. A kan sandunan kwanciya sai ka ɗaga gwiwar hannu, ka kai hannu kan ƙaho, sannan ka damƙi birki. A gudun kilomita 30 a awa kana cin fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa ɗayan da ka ɓata wajen sauya hannu ta isa ta haɗa ka da bayan Napep.

Ba birki kaɗai ba. Lokacin da kake kwance, nauyinka ya koma kan tayar gaba, kuma da gwiwar hannu kake tuƙi, hannaye a matse. Ƙaramin rami da keken titi zai haye ya wuce, a nan zai iya fizge kan keken. Kanka kuma a sunkuye yake, sai ka ɗaga wuya da ƙarfi kafin ka hangi nesa.

Sai batun wili. Wili mai zurfin baki yana yanka iskar gaba da kyau, amma iskar gefe tana kama shi. Tirela ta wuce ka a titin Nnamdi Azikiwe, ko iskar hadari ta taso, za ka ji ana tura tayar gaba gefe. Ko a gasar duniya ta Ironman a garin Kona na Hawayi an hana rufaffen wilin baya saboda iskar wurin, kuma ƙwararru ne ke hawa.

Akwai dalili ɗaya da ya fi shafar mu nan. Hanyoyin da suka dace da keken agogo su ne dogaye marasa cunkoso na bayan gari, kuma a halin da ake ciki mai hankali ba ya fita irin waɗannan shi kaɗai da duku-duku. Fita cikin ayari ta fi, saboda tsaro, saboda direbobi sun fi ganin mutum goma a kan mutum ɗaya, saboda kuma in taya ta yi faci akwai mai tsayawa. To a ayari ba a kwanciya kan sanduna. A tseren da ake tashi tare doka ta hana su, ƙungiyoyin mahaya a ko'ina ma haka suke yi, domin wanda ke bayan wani da rabin mita hannunsa nesa da birki haɗari ne ga kowa. Ka sayi keken agogo, ka sayi keken da ba za ka iya amfani da fa'idarsa ba a yawancin fitarka.

Giya ma haka. Keken titi na masu farawa yawanci farantinsa na gaba haƙora 50 da 34 ne, na baya ya kai 30 ko 32, ka hau tudu kana zaune. Na agogo faranti 53 ko fiye, na baya ƙanana, an yi shi don ƙafar da ta riga ta ƙosa.

Mataki na 5: Girman keke kafin kyansa

Keken da ya yi maka girma ba ya gyaruwa. A ƙiyasi, mai tsayin santimita 165 zuwa 172 yana hawan firam 52, mai 172 zuwa 178 yana hawan 54, mai 178 zuwa 185 yana hawan 56, amma kowane kamfani da ma'auninsa, sai ka hau ka ji. Tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai ɗan sarari tsakaninka da sandar sama.

Tsayin sirdi: cire takalmi, jingina da bango, matsa littafi a matsematsinka, a auna daga samansa zuwa ƙasa. Ninka abin da ka samu da 0.883. Mai santimita 80 zai samu kusan 70.6, wato daga cibiyar feda zuwa saman sirdi. In ba tef a kusa, hau ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da ka mayar da tafin gaba kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, haka ake so. Yawancinmu da muka taso kan Raleigh da Phoenix mun saba da sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune. A doguwar tafiya wannan ciwon gwiwa yake kawowa.

Mataki na 6: Binciken gwanjo

Karanta abin da aka rubuta a jikin taya kafin komai. Kana neman 700c, wato lambar girman wilin. Tsofaffin kekunan tirayatlon da yawa 650c ne, wili ƙarami, kuma in tayar ta mutu za ka sha yawo kafin ka samu madadinta. Tambayi kuma ko tayar irin wadda ake mannawa da gam ce a jikin wili, wadda tiyub ɗinta ke ɗinke a ciki. Tsofaffin wilin gasa da yawa haka suke, kuma mai facin unguwa ba abin da zai iya yi mata.

Duba faɗin tayar da firam zai ɗauka. A kwaltarmu milimita 28 ita ce mafi ƙanƙanta da zan ba da shawara, 30 ko 32 in akwai wuri. Tsohon keken agogo sau da yawa a 23 ko 25 ya tsaya, kowane tsakuwa sai ka ji ta a haƙora.

Firam: alminiyam ya ishi mai farawa. Kabon ya fi sauƙin nauyi, amma in ya tsage ba aikin mai walda ba ne, kuma tsagewar takan ɓuya ƙarƙashin fenti. Fito da keken rana, bi wuyan fok, wato abin da ke riƙe da tayar gaba, gindin sirdi da kewayen cibiyar feda da ido da yatsa. Inda ka ga sabon fenti ko sitika a wurin da ba a saba ba, tambayi dalili. Ɗaga kowace taya ka juya ka ga ko wili na layi. Damƙe birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya, in ka ji ƙas-ƙas a wuya, boris ne. Bi giya ɗaya bayan ɗaya kana tuƙi. A kayan giya na kamfanin Shimano, Claris, Sora da Tiagra su ne na ƙasa, kuma sun wadatar, 105 na sama da su. Giyar lantarki tana da daɗi, amma in an sayar maka ba caja, ko batir ya mutu, ka tsaya. Wayoyin birki da aka ɓoye cikin kai da firam, kamar yadda ake yi wa kekunan agogo, kan mayar da gyaran minti goma aikin yini.

Kada ka ƙarar da kuɗinka a kan keken. Ware na hular kwano, fitilar gaba da ta baya, tiyub biyu, da famfo. Bawul ɗin waɗannan kekuna siriri ne, wanda ake kira Presta, bakin injin mai faci ba ya kama shi sai da ɗan ƙaramin mahaɗi da ake ɗaurawa. Saya ka ajiye a aljihu. Kuma ka tsaya a kansa lokacin da yake ba da iska: taya mai milimita 28, ga mai nauyin kilo 70, wajen 70 zuwa 80 a ma'aunin PSI take so, fiye da ninki biyu na tayar mota, amma ba a cika ta har ta zama dutse.

Mataki na 7: In tirayatlon ko tseren agogo na ranka

Keken titin nan dai shi ne mafari. Ana shiga ƙananan gasar tirayatlon da shi, ana shiga tseren agogo da shi, ana kuma atisayen yau da kullum a kansa. Ƙwararrun da ke da keken agogo ma yawancin kilomitocinsu a kan na titi suke yi. Kowace gasa da kekenta: Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a Olamfik na Faris a 2024, ta yi tseren titi da keke ɗaya, da ta zo gasar cikin zagayen fili sai da tawagar Jamus ta ara mata wani.

Sai ka kai inda za ka yi awa biyu a kan keke ba ciwon baya, kana iya ɗauko gorar ruwa ka sha ba ka karkace ba, kana iya waiwayawa keken na tafiya sak, sannan ka nemi sandunan kwanciya na ɗaurawa. Ana maƙala su a tsakiyar kan keken titi da kusoshi, a cire in an gama. Auna kaurin sandar kanka kafin ka saya, yawancin na yanzu milimita 31.8 ne, tsofaffi sun fi siranta. In kan na kabon ne, tabbatar an yarda a ɗaura masa, domin matsi na iya fasa shi. Matsar da sirdi gaba kaɗan, ka ɗan ɗaga shi don ya rama tsayin da ya ragu, ka yi wa wurin da yake a da alama da tef.

Gwajin farko, zaɓi miƙaƙƙen wuri da ka san kowane rami nasa, irin wasu sassan titin Yakowa ko hanyar Millennium City, da safiyar Lahadi bayan gari ya waye sosai. Ɗora hannu ɗaya tukuna, ɗayan na kan birki. Sannan duka biyun na daƙiƙa 30, ka tashi. Ƙara zuwa minti biyu, zuwa biyar, cikin makonni. Duk inda akwai mararraba, kwana, gangara, ko mutum a bakin hanya, hannu ya koma birki tun daga nesa.

Ranar da ka iya kwanciya minti 20 a jere ba ka tashi ba, kuma akwai gasar da ka yi rajista, lokacin ne tambayar wanne cikin biyun ta taso. Karanta dokar gasar kafin ka biya kuɗi. In ta UCI ce, keken agogo, domin mai akwatuna da sirdi can gaba ana iya mayar da shi tun a wurin awo. In doguwar tirayatlon ce da aka hana laɓewa, duka biyun sun halatta, amma na tirayatlon ya fi saboda wurin ruwa da abinci da sassaucin zama. In kuwa irin ta Olamfik ce da ake tafiya a dunƙule, kwance kusoshin sandunan ka bar su a gida.